Injiniyan roka: gwanintar da ba a sayenta a kasuwa

A farkon watan Nuwamba na shekara ta 2024, a birnin Yamai, gwamnatin Nijar ta sa hannu kan wata yarjejeniya da kamfanin Glavkosmos na ƙasar Rasha domin sayen taurarin ɗan Adam guda 3: ɗaya na sadarwa, ɗaya na ɗaukar hoton ƙasa daga sama, na ukun kuma mai aiki da na'urar rada wadda duhun dare ko hazo ba su hana ta gani. Ministan sadarwa na lokacin, Sidi Mohamed Raliou, ya bayyana cewa ƙera su zai ɗauki shekara 4. Ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267, wadda galibinta hamada ce, ba sai an yi dogon bayani ba kan buƙatarta ga irin waɗannan na'urori, ko don tsaron iyakoki, ko don sadarwa, ko don sanin halin da damina take ciki.

To amma kowane ɗan kasuwa ya san cewa wanda ya sayi hajar da bai iya dubawa ba, ya sa wuyansa a hannun mai sayarwa. Tauraro kuwa ba ya hawa sama da kansa, sai roka ta ɗauke shi, kuma ko bayan ya isa can, da ƙananan injunan roka da ke jikinsa yake gyara zamansa har ƙarshen rayuwarsa. Masu ƙera waɗannan injuna, da manyan injiniyoyin da ke sa hannu a ce injin ya cancanci tashi, ƴan kaɗan ne a duniya. Yana da kyau mai karatu ya san ko su wane ne, da yadda ake zama ɗaya daga cikinsu, da kuma matsayin Nijar a wannan fage.

Aikin injin roka

Kafin wani abu ya zauna yana kewaya duniya ba tare da ya faɗo ba, sai gudunsa ya kai kusan kilomita dubu 28 a awa ɗaya. Da irin wannan gudu, tafiyar Yamai zuwa Damagaram ba za ta wuce minti biyu ba. Injin mota da na jirgin sama suna shaƙar iskar da ke kewaye da su domin ƙona mai, alhali a sararin samaniya babu iska. Saboda haka dole roka ta ɗauki manta, ta kuma ɗauki iskar oksijin da za ta ƙona shi da ita. Shi ya sa kusan kashi 9 cikin 10 na nauyin roka a lokacin tashi makamashi ne zalla. Rokar Turai mai suna Ariane 5, wadda ta yi aiki daga 1996 zuwa 2023, nauyinta ya kai ton 780, wato kamar tirela 20 maƙare da siminti, amma abin da take kaiwa kan hanyar falakin taurarin sadarwa, mai nisan kilomita dubu 36, bai wuce ton 10 da ƴan kai ba.

Injunan roka iri biyu ne manya. Akwai mai amfani da daskararren makamashi, wanda ake zubawa cikin bututu ya sandare. Shi in an kunna shi ba a iya kashe shi sai ya cinye. Akwai kuma mai amfani da makamashi na ruwa. Injin Vulcain 2 na Ariane 5, wanda ake harhaɗawa a garin Vernon na Faransa, yana ƙona haidirojin da aka sanyaya zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri, da oksijin mai sanyin digiri 183 ƙasa da sifiri. A cikin ɗakin ƙonewa kuma zafi yana haura digiri dubu 3, wanda ya wuce zafin da ke narkar da ƙarfe nesa ba kusa ba. Dabarar da ke hana bangon ya narke ita ce, ana bi da haidirojin mai sanyi ta cikin ƙananan hanyoyi a jikin bangon kafin a ƙona shi. Famfon da ke tura shi yana juyawa fiye da sau dubu 30 a minti ɗaya, injin kuma yana cinye makamashi sama da kilo 300 a kowace daƙiƙa. Walda ɗaya da ba ta kama da kyau ba, ko ɗan tsago da ido ba ya gani a jikin famfo, ya isa ya mai da dukiya mai ɗimbin yawa toka.

Yadda ake zama babban injiniya

Hanyar doguwa ce, kuma daga aji take farawa. A tsarin Faransa, wanda makarantun Nijar suka gada, yaro yakan ci jarrabawar bakaloreya a sashen lissafi da kimiyya, ya yi shekara 2 na share fage, sannan shekara 3 a babbar makarantar injiniyoyi, irin su ISAE-SUPAERO da ke Tulus ko ENSMA da ke Poitiers. A Rasha akwai jami'ar Bauman da cibiyar MAI a Mosko, a Sin akwai jami'ar Beihang a Beijin. Abin da ake koyo shi ne ilimin zafi da ƙonewa, da yadda ruwa da iska suke gudana, da juriyar ƙarafa, da lissafi ta kwamfuta. Da yawa sukan ƙara da digirin dokta.

Amma takardar shaida ƙofar shiga ce kawai. Sabon injiniya yakan share shekaru yana aiki kan abu ɗaya ƙarami, kamar bawul ko bututu. Daga nan a tura shi filin gwaji, irin na Vernon ko na Lampoldshausen a Jamus, inda ake ɗaure injin a kunna shi a ƙasa ana auna rawarsa da zafinsa da matsin da ke cikinsa. A nan yake ganin yadda injuna ke fashewa, ya koyi bin sawun dalili har ya gano shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Bayan haka ne ake ba shi shugabancin wani sashe, kamar famfo ko ɗakin ƙonewa, kuma sau da yawa sai furfura ta fara fito masa kafin a danƙa masa injin sukutum. Babban injiniya shi ke raba aiki, shi ke tsayawa tsakanin masu kuɗi da ke gaggawa da ma'aikatan da ke neman ƙarin lokaci, shi ke horar da na baya, kuma sa hannunsa ake jira kafin a harba.

Nauyin wannan sa hannu ya bayyana a Amurka a 1986. Wani gogaggen injiniya na kamfanin Morton Thiokol mai suna Roger Boisjoly ya rubuta gargaɗi tun a watan Yulin 1985 cewa zobban robar da ke toshe mahaɗar rokokin kumbon Challenger suna da matsala. A daren 27 ga Janairu 1986, shi da abokan aikinsa suka ba da shawarar a ɗage tashin saboda sanyi ya yi yawa, roba kuma takan ƙage cikin sanyi. Shugabanni suka yi watsi da shawarar. Washegari kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, mutum 7 suka rasu. Tun daga lokacin ake koyar da wannan labari a makarantun injiniyoyi, domin ɗalibai su san cewa ilimin babban injiniya ba ya amfani idan babu ƙarfin halin cewa a'a, kuma babu shugaban da zai saurara.

Ƙofa mai ƙunci

Iyayen da ke fatan ɗansu ko ɗiyarsu su kama wannan sana'a a ƙasashen waje ya kamata su san wani abu tun da wuri. Rokar da ke kai tauraro sama da makami mai linzami da ke cin dogon zango ƴan uwan juna ne. Rokar R-7 da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik da ita a ranar 4 ga Oktoba 1957, asalinta makamin yaƙi ce. Kamfanin ArianeGroup da ke ƙera Ariane 6, wadda ta fara tashi a watan Yulin 2024, shi ne kuma ke ƙera makamin M51 na jiragen yaƙin Faransa masu tafiya ƙarƙashin teku.

Saboda wannan dangantaka, a 1987 manyan ƙasashe 7 masu arzikin masana'antu suka kafa tsarin MTCR domin hana yaɗuwar fasahar rokokin da za su iya kai kilo 500 nisan kilomita 300 ko fiye. Daga baya mambobinsa suka kai 35, kuma Afirka ta Kudu ce kaɗai daga wannan nahiya, ita ma ta shiga ne a 1995 bayan ta rufe nata shirin roka. A Amurka, dokokin ITAR sun sa kamfanonin roka ba su cika ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba ne ko mai takardar zaman dindindin. A Faransa, aikin da ya shafi tsaro sai da izinin ganin sirri, wanda ake bayarwa bayan bincike mai zurfi. Ke nan ɗan Nijar yana iya yin karatun, amma kafin ya kai ga zuciyar aikin, sau da yawa sai ya karɓi takardar zama ɗan wata ƙasa, kuma abin da ya koya a can doka ta hana shi ya kawo gida.

Duk da haka ƴan Sahel sun taɓa kaiwa nesa. Cheick Modibo Diarra, wanda aka haifa a Nioro ta ƙasar Mali a 1952, ya yi karatu a Bamako da Paris da jami'ar Howard ta Washinton, ya kuma yi aiki a cibiyar JPL ta hukumar NASA, a fannin lissafin hanyar da kumbo zai bi tsakanin duniyoyi. Ya taka rawa a shirye-shiryen Magellan da Ulysses da Galileo, da kuma Mars Pathfinder wanda ya sauka a duniyar Mars ranar 4 ga Yuli 1997. A 2012 ya riƙe muƙamin firaministan Mali na wasu watanni. Labarinsa ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ba ta da ƙabila, ya kuma nuna cewa ƙasar da ke da wurin aiki ita ke cin moriyar gwani.

Darasin Indiya

Shi kansa kamfanin Glavkosmos yana da tarihin da ya kamata ma'aikatan gwamnati su riƙe. A 1991 ya ƙulla yarjejeniya da hukumar ISRO ta Indiya cewa zai sayar mata da injunan haidirojin, ya kuma koya mata yadda ake ƙera su. A watan Mayun 1992 Amurka ta ƙaƙaba wa ɓangarorin biyu takunkumi, tana kafa hujja da tsarin MTCR. A 1993 Rasha ta janye batun koyarwa, ta yarda da sayar da injunan da aka riga aka ƙera kawai. Indiya ta koma ta dogara ga ƴaƴanta. Injin farko da suka gwada a sama a watan Afrilun 2010 ya gaza, sai a ranar 5 ga Janairu 2014 suka yi nasara, wato bayan shekara 20 da ɗoriya.

Abin da ya ceci Indiya shi ne ta riga ta tanadi mutane. Tun a shekarun 1970 ta aika injiniyoyinta zuwa Vernon, suka yi shekaru suna aiki kafaɗa da kafaɗa da Faransawa kan injin Viking na rokar Ariane ta farko, suka koma gida suka ƙera irinsa mai suna Vikas, kuma gwamnati ta ba su wurin aiki da filin gwaji. Zanen aro ba ya rufe katara, amma wanda ya zauna gindin masaƙa ya koyi saƙa ya huta da aro.

Rokokin da suka tashi daga Afirka

Mutane da dama ba su san cewa daga cikin Sahara Faransa ta shiga sararin samaniya ba. A ranar 26 ga Nuwamba 1965, rokar Diamant ta tashi daga Hammaguir a ƙasar Aljeriya ɗauke da tauraron Astérix, abin da ya sa Faransa ta zama ƙasa ta uku da ta harba tauraro da rokar kanta. A 1967 ta miƙa filin, ta koma Kuru a Guyana ta Kudancin Amurka. A gaɓar tekun Kenya, kusa da Malindi, Italiyawa sun kafa dandalin San Marco, inda aka harba tauraron Uhuru a ranar 12 ga Disamba 1970. A ƙasar Zayar kuma, shugaba Mobutu ya ba kamfanin OTRAG na Jamus wani makeken fili a lardin Shaba, aka yi gwajin farko a 1977. A 1978 wata roka ta karkace ta faɗo a gaban idon Mobutu, a 1979 matsin lambar manyan ƙasashe ya sa aka rufe wurin, kamfanin ya ƙaura zuwa Libiya, inda ya yi gwaji a yankin Sabha a 1981. A duk waɗannan wurare Afirka fili ta bayar. Ranar da baƙi suka naɗe kayansu, gwanintar ta bi su.

Najeriya ta bi wata hanya dabam. Ta kafa hukumar NASRDA a 1999, da wata cibiya ta musamman a garin Epe na jihar Legas inda ake nazarin injunan roka da gwajin ƙanana. Tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a Ingila aka ƙera shi, aka harba daga Plesetsk ta Rasha a watan Satumban 2003. Cikin yarjejeniyar ta sa sharaɗin horar da injiniyoyinta, kuma ƴan Najeriya da aka horar a Ingila ne suka ƙera NigeriaSat-X wanda aka harba a watan Agustan 2011. Ta kuma ɗanɗani hasara: NigComSat-1, wanda Sin ta ƙera ta harba a watan Mayun 2007, ya mutu a watan Nuwamban 2008 saboda matsalar faifan hasken rana, sai a watan Disamban 2011 aka maye gurbinsa.

Haka ƙungiyar RASCOM, wadda ƙasashen Afirka fiye da 40 suka haɗu a cikinta, ta ga tasku da tauraronta na farko da aka harba a watan Disamban 2007. Iskar hiliyom da ke tura mai daga tanki zuwa injin tauraron ta yi yoyo, rayuwar da aka tsara ta shekara 15 ta koma kamar shekara 2, sai da aka harba wani a watan Agustan 2010. Abin lura a nan shi ne, shekarun tauraron sadarwa da man da ke tankinsa ake auna su. Mai saye da ba shi da injiniyan da zai karanta sakamakon gwajin bawul da tanki kafin a karɓi kaya, kuma ya sa ido kan yadda ake kashe man bayan an harba, bai san yawan shekarun da ya biya kuɗinsu ba.

Abin da ke akwai a Yamai

Nijar ba ta ƙera roka, kuma ƙasar da ke fama da ƙarancin abinci da wutar lantarki tana da buƙatun da suka fi wannan gaggawa. Amma Yamai ba baƙuwar ilimin sama ba ce. Makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA tana horar da ma'aikatan yanayi da na zirga-zirgar jiragen sama tun 1963, ɗalibai kuma daga ƙasashe da dama suke zuwa. Cibiyar AGRHYMET ta ƙungiyar CILSS, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, da hotunan tauraron ɗan Adam take bin sawun ruwan sama da makiyaya da fara. Cibiyar ACMAD mai hasashen yanayin Afirka a Yamai take. Makarantar EMIG tana yaye injiniyoyin lantarki da kanikanci da ma'adinai, jami'a tana da sashen kimiyya, a Maraɗi kuma akwai lise ta fasaha ta Ɗan Kasawa. Wanda ya leƙa kasuwar Katako ya ga yadda maƙera ke narkar da tsohon sanholo su zuba tukwane, ya san hannu da basira ba su yi ƙaranci ba.

Akwai kuma abin koyi na gida. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya ci babbar jarrabawar malanta ta kimiyyar fiziks a Faransa a 1956, a lokacin da ƴan Afirka ba su kai ga wannan matsayi ba. Ya dawo ya shugabanci ofishin ONERSOL na makamashin rana daga 1969, inda aka ƙera tukunyar dafa ruwa da murhu da injin da ke aiki da zafin rana, ya kuma shugabanci jami'ar Yamai wadda take ɗauke da sunansa tun 1992, shekara ɗaya bayan rasuwarsa. Ilimin zafi da ya yi aiki da shi, shi ne dai tushen ilimin injin roka. Ya zaɓi matsalar ƙasarsa, ya zauna a kanta shekara da shekaru, ya tara matasa a kewayensa. Haka ake samun babban injiniya a ko'ina.

Sauran aiki

Ga hukuma, abin da tarihin Indiya da Najeriya ke nunawa a fili yake. Duk yarjejeniyar sayen tauraro ya kamata ta ƙunshi sharaɗin cewa ƴan ƙasa za su zauna a masana'anta tun daga zane har zuwa gwaji, su halarci karɓar kaya, su kuma riƙe tashar da ke sarrafa tauraron daga ƙasa. Zaɓensu ya zama bisa jarrabawa, domin injin bai san ɗan wane ba. In sun dawo a bar su a kan aikinsu, da albashi da matakan girma na fasaha, maimakon a mai da su masu sa hannu kan takardun ofis a wata ma'aikata. Kuɗin babban filin gwaji ya fi ƙarfin ƙasa ɗaya, amma haɗin gwiwa da maƙwabta, ko ta hukumar sararin samaniya ta Afirka da aka buɗe a Alƙahira a watan Afrilun 2025, yana iya rage nauyin.

Ga ƴan kasuwa da ma'aikata kuwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ke son lissafi, namiji ne ko mace, kada a cire shi daga aji don ya tsare shago, kada kuma a tsorata shi da sashen kimiyya. Ko bai taɓa ganin roka da idonsa ba, wanda ya ƙware a ilimin zafi da famfo da ƙarafa zai sami aiki a matatar mai ta Damagaram, ko tashar lantarki ta Gorou Banda, ko ma'adinan Arlit, ko filin jirgin sama na Diori Hamani. Attajirin da ya ɗauki nauyin karatun ɗalibi ɗaya, ko ya sayi kayan gwaji ya ba lise ta garinsu, ya yi jarin da ƙasa za ta daɗe tana cin ribarsa.

Shekara 4 aka ce ta isa a ƙera taurari, amma injiniyan da zai iya duba su ya ce a karɓa ko a mayar, renonsa yana cin shekara 20. Wanda zai yi wannan aiki a 2045 yana zaune yau a wani aji, a Yamai ko Tawa ko Difa, yana jiran malamin lissafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa a dace.